Jigon Ƙwadagon Yara da Danniyar Mata a Ƙagaggun Labaran Patrick MacGill

Manazarta adabi sun sha nuna cewa wanda marubuci ya bai wa bakin magana a labari, shi ya bai wa iko. Wannan maƙala za ta gwada wannan ra'ayi a kan littattafai biyu na Patrick MacGill, ɗan garin Glenties da ke yankin Donegal a ƙasar Ailan, wato *Children of the Dead End* (1914) da *The Rat-Pit* (1915).

Tauraron littafi na farko, Dermod Flynn, yana ɗan shekara 12 ya tafi kasuwar ɗaukar barori ta Strabane. A wancan zamani, irin wannan kasuwa tana ci ne a watan Mayu da na Nuwamba. Manoma masu hali su zo su dudduba yara, su yi ciniki, su tafi da wanda ya yi musu na tsawon wata 6. Ladan ba na yaron ba ne. Gida ake aikawa, a biya hayar gona da bashin ɗan kasuwa da abin da limamin coci ya yanka. A nan alƙalamin MacGill ya fi kaifi, domin shi kansa ta wannan hanya ya bi. Bai wanke iyaye ba: ya nuna yadda fatara kan sa uwa ta riƙa lissafa ɗanta cikin kadarar gida. Kuma da yake Dermod da bakinsa yake ba da labari, mai karatu na jin fushinsa da ba'arsa, har zuwa lokacin da ya zama lebura a Kinlochleven ta ƙasar Sikotlan.

Norah Ryan ba ta sami wannan gata ba. Littafi na biyu ya buɗe da matan ƙauye suna doguwar tafiya a ƙasa cikin hunturu domin karɓo zaren ulu wajen attajiri Farley McKeown, su saƙa masa safa a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Wannan babi, a ganina, ya fi duk abin da ya biyo baya, saboda an bar aikin da yunwar sun yi magana da kansu. Daga nan Norah ta bi ayarin masu tonon dankali zuwa Sikotlan, ɗan mai gona ya yi mata ciki, ta ƙare a gidan kwanan mata na Gilasgo wanda littafin ya ɗauki sunansa.

To, amma wani ne ke ba da labarinta, ba ita ba. MacGill ya mayar da ita waliyya mai haƙuri, wadda abubuwa ke faɗa wa kawai. Dermod yakan yi faɗa, ya gudu, ya karanta littattafai, ita kuwa sai addu'a da kuka. Ana iya cewa haka zamanin ya tanadar wa mace, sai dai wannan uzuri bai gamsar da ni ba, tun da matan babin farko suna da baki da wayo. Marubucin ya soki masu danne Norah, sannan ya hana ta ko da damar yin fushi.

Game da makwancin masu tonon dankali kuwa, bai yi ƙari ba. A 1937 gobara ta kashe samari 10 'yan tsibirin Achill a irin wannan ɗaki a Kirkintilloch, shekara 22 bayan fitowar littafin.