Daga Gizo Zuwa Jarumi: Tatsuniya, Addini da Akwatin Zaɓe a Ƙasar Dayi

A duk maganganun Bahaushe, tatsuniya ce kaɗai ke shaida wa mai sauraro da bakinta cewa ƙarya ce. Ana buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus", sannan mai bayarwa ya ɗora wa Gizo alhakin abin da ya shara. Tsakanin buɗewa da rufewa kura na iya yin tuba, cinya ta yi tafiya ba gangar jiki, kogi ya yi magana. Yaro kan ji tsoron Dodo har ya kasa fita fitsari da dare, amma ya san idan gari ya waye ba zai je ya nemi gidan Dodo ba. Har doka aka kafa mata: ba a yin ta da rana, wanda ya matsu kuwa sai ya fara ɗaure Gizo. Wannan iyaka da tatsuniya ta shata wa kanta ita ce babbar tarbiyyar da take bayarwa, kuma rashinta ne ke cin mu a lokacin zaɓe.

Magana uku, hukunci uku

Dayi mararraba ce. A nan hanyar da ta taso daga Kano ta Gwarzo ke haɗuwa da wadda ta fito daga Funtuwa ta Malumfashi ta nufi Katsina. Ƙasar noma ce ta masara da dawa da auduga, kuma lokacin tatsuniya yana bin lokacin gona. Da damina kowa ya gaji, ana cin tuwo sai barci. Sai kaka ta yi, sanyi ya sauko, mata sun zauna ɓarar gyaɗa ko kaɗin zare, sannan bakin tsofaffi ke buɗewa.

Mu da muka tashi a irin waɗannan gidaje magana iri uku muke ji a yini guda, kowace da hukuncinta. A makarantar allo akwai ƙissa: Annabi Yusufu a rijiya, Annabi Musa da Fir'auna, Annabi Sulaimanu da aljanu. Wannan gaskatawa ake yi, ba a musu. A ɗakin kaka akwai tatsuniya, wadda ake jin daɗinta, a ɗauki darasi, a bar ta nan. A bakin tasha da kasuwa kuma akwai labari, wanda direbobi da fatake ke kawowa, shi kuwa sai an tambayi wanda ya gani da idonsa. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan rabe-rabe. Yadda ake buɗe kowace magana da wurin da ake yin ta su suka koya mana.

Me malamai suka ƙi?

An daɗe ana cewa addini ba ya shiri da tatsuniya. Masu wannan ra'ayi kan kafa hujja da labarin Nadru ɗan Harisu, Baƙuraishen da malaman tafsiri suka ce yakan tara mutane a Makka yana ba su labaran Rustum da Isfandiyar na Farisa don ya janye su daga sauraron Alƙur'ani. Amma laifin Nadru shi ne ya ɗauki hikaya ya ajiye ta a mazaunin wahayi. Malaman zauren da ke hana almajiri hira marar amfani su ne kuma ke karantar da Muƙamatul Hariri, littafin da gwarzonsa Abu Zaidu ɗan damfara ne mai zaƙin baki, yau ya fito a mai wa'azi, gobe a mabaraci. Ba su ji tsoronsa ba, don kowane ɗalibi ya san ƙagagge ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne kayan aikin marubucin Hausa. Lokacin da Tolkien, wanda Kirista ne mai riƙo da addininsa, ya fitar da littafinsa na zobe a Ingila a 1954 da 1955, masu karatunsa ba su yi imani da halittun da ya ƙaga ba. Mu kuwa aljani gaskiya ne, sura guda ke ɗauke da sunansa. Sihiri ma gaskiya ne, kuma haramun. A ƙasar Malumfashi da Kafur, inda Musulmi suka daɗe suna maƙwabtaka da Maguzawa, kuma ana jin garayar 'yan bori, iskoki ba abin littafi ba ne kawai. Saboda haka marubucin da ya sa aljani a labarinsa yana taka iyakar ƙissa da tatsuniya, dole ya nemi mafita. Mafitar da aka samu ita ce a musuluntar da gwarzon: ya yi alwala kafin ya zare takobi, ya karya tsafi da addu'a, abokin gabarsa kuma ya zama matsafi.

Yadda jarumi ya ture Gizo

Tatsuniyar baka ba ta cika damuwa da jarumi ba. Tauraronta Gizo ne, ƙaramar halitta mai tsamin baki da haɗama. Ya ci bashin hatsi wurin giwa, ya ci wurin dorina, da lokacin biya ya yi sai ya miƙa wa kowace bakin igiya guda, suka wuni suna ja, kowace na zaton da Gizo take fama. Hankaki suka ara masa gashi ya bi su cin ɓaure, ya dinga cewa kowane ɗa nasa ne, har suka ƙwace gashinsu suka bar shi a kan bishiya. Yaron da ya ji waɗannan ya koyi abu biyu: mai daɗin baki yana da abin da yake nema, kuma manya ma ana yi musu wayo.

Da boko ya zo, Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. A 1933 kuma Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, kuma hannun Katsina ya fito fili a ciki. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. A Ruwan Bagaja jinin Gizo bai ƙare ba, domin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman wayo suke yi wa juna gari bayan gari. Amma ƙashin bayan labarin sabo ne: ɗan sarki ba shi da lafiya, magani guda ne a duniya, mutum guda ne kuma zai iya ɗebo shi. Ganɗoki ya ƙara gaba. Bayan Turawa sun ci ƙasa, gwarzon ya faɗa duniyar aljanu yana yaƙi yana musuluntarwa, wato nasarar da ta kuɓuce a fagen fama aka same ta a takarda. Ahmadu Ingawa ya biyo da Iliya Ɗan Maiƙarfi, gurgun da aka ba ƙarfi ya zama garkuwar birni. Daga nan hanya ta miƙe har zuwa littattafan yaƙi na kasuwar Kano irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda samari ke karɓa haya, yanzu kuma suke saurare a waya.

Ba a raina waɗannan littattafai ba. Su suka sa dubban yara son karatun Hausa. Sai dai darasinsu ya saɓa da na ɗakin kaka. Gizo yana koya wa yaro ya yi hattara da mai magana. Jarumi yana koya masa ya jira mai ceto.

Ranar da jarumi ya hau mumbarin kamfe

Adabin nan da siyasa tare suka tashi. Cikin waɗanda suka yi fice a gasar 1933 akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, wanda ya zama Firayim Minista. Imam kansa ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Ba mamaki in salon ɗaya ya shiga ɗaya.

A saurari yadda ake tallar ɗan takara a yankinmu na Karaɗuwa ko a ko'ina a Arewa. Gari na cikin ƙangi. Akwai Dodon da ya tare rijiya, wato jam'iyyar da ke kan mulki ko wadda ta sauka. Ga bawan Allah mai tsoron Allah ya taso, a hannunsa akwai makami guda: mabuɗin PRP a 1979, ko lema, ko tsintsiya. Da ya shiga, taki zai wadata, auduga za ta yi daraja, masaƙu za su tashi. Ginin littafin yaƙi ne sak, har da musuluntar da gwarzo da kafirta abokin hamayya. Bambancin kawai shi ne ba a buɗe shi da "ga ta nan", ba a rufe shi da "ƙurunƙus". Sau da yawa ma da bisimilla ake buɗewa, a rufe da fatiha, wani lokaci daga bakin malamin da jama'a suka saba jin ƙissa a wurinsa. Tatsuniya ce ta sa rigar ƙissa, abin da malaman farko suka yi gudu ke nan.

Tarihin yankin ya isa shaida. A 1979, lokacin Katsina na cikin tsohuwar Jihar Kaduna, talakawa suka zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, amma majalisar jiha na hannun NPN. Ba ta amince masa da kwamishinoni ba, a 1981 kuma ta tsige shi. Gaskiyarsa ba ta hana lissafin kujeru aiki ba. Muhammadu Buhari ya nemi shugabanci a 2003 da 2007 da 2011, ya samu a 2015, bayan mutane sun kasa sun tsare sun raka, da yawa kuma sun yi "sak" ba su ko duba sunan ɗan majalisar da suka dangwala wa ba. A Disambar 2020, yana kan mulki, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, nan maƙwabtanmu. Ko mene ne ra'ayin mutum game da waɗannan shugabanni, abin da ya bayyana shi ne mulki ba ruwan Bagaja ba ne da mutum guda zai ɗebo a gora. Kasafi ne, da majalisa, da ƙaramar hukuma, da wanda ke raba taki a gunduma.

Wanda ya gane haka ba dole ya yanke ƙauna ya sayar da ƙuri'arsa kan taliya da atamfa ba, domin wannan ma faɗawa ce hannun Gizo ta wata ƙofa. Girma shi ne a mayar da kowace magana mazauninta. Alkawarin ɗan takara ba ƙissa ba ne da za a ce amin, ba kuma tatsuniya ba ce da za a yi dariya a watse. Labarin tasha ne, sai an bincika: nawa ne kuɗin, daga ina za su fito, wa zai sa hannu, me ya yi a kujerar da ya riƙe a baya?

Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan makaranta tun farkon shekarun 1970, kuma har yau malamin firamare a Dayi na iya ɗaukar labarin giwa da dorina ya tambayi aji: wa ya ci hatsin, su wa suka sha wahalar ja? Malamin Islamiyya ma yana da rabonsa, ya nuna wa ɗalibai cewa rantsuwar mai neman kujera ba ta mayar da maganarsa nassi. Yaran da aka yi wa wannan horo za su ci gaba da jin daɗin littattafan yaƙi, amma ranar zaɓe za su nemi sanin sunan kansilansu kafin su tambayi wane ne jarumin bana.