Faifai a Matsayin Matani: Sharhi kan Sake Buga Waƙoƙin Kayan Tsirkiya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba matsayin faifai da kaset a nazarin waƙar baka. An ɗauki misalai biyu: sabon bugun faifan jita na jaz mai suna Midnight Blue, da waƙoƙin kuntigi na Ɗanmaraya Jos kamar yadda ake samunsu a garin Bauchi. Ra'ayin maƙalar shi ne, abin da aka naɗa a faifai matani ne, kuma matanin da ba shi da isnadi bai isa a kafa hujja da shi ba.

2.0 Bugun Midnight Blue

Kenny Burrell, makaɗin jita ɗan Amurka, ya naɗi wannan faifai a watan Janairu na 1963 a ɗakin naɗa sauti na Rudy Van Gelder da ke jihar New Jersey, kamfanin Blue Note kuma ya fitar da shi. A 2021 kamfanin ya sake buga shi a faifai mai nauyin giram 180, wanda Kevin Gray ya yanko daga zaren asali.

Masu sha'awar tsabtar sauti sukan yaba nauyin faifan. A ganin wannan maƙala, ba a nan darajarsa take ba. Darajar tana cikin cewa an san ranar naɗi da wurinsa, an san masu kiɗan ɗaya bayan ɗaya, irin su Stanley Turrentine da Ray Barretto, an kuma san hannun da ya ɗauko sautin daga zare. A taken "Soul Lament", inda Burrell ya kaɗa jita shi kaɗai, babu wani kiɗa da zai rufe aibin kwafi, don haka a nan amfanin komawa ga asali ya fi bayyana.

Sai dai faifai kansa ba shaida ba ne. A 2022 ta bayyana cewa kamfanin Mobile Fidelity ya daɗe yana bi da sautin faya-fayansa ta kwamfuta kafin yankawa, alhali masu saye sun ɗauka kai tsaye ne daga zare. Kunnuwan ƙwararru da yawa ba su gano ba. Ashe abin dogaro shi ne bayanin hanyar da sauti ya biyo.

3.0 Kuntigin Ɗanmaraya a Bauchi

Adamu Wayya, wanda aka fi sani da Ɗanmaraya Jos, an haife shi a Bukuru a 1946, ya rasu a watan Yuni na 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, kuma ba ya tafiya da 'yan amshi. Saboda haka murya da tsirkiya ne kaɗai ke ɗauke da waƙoƙi irin su "Karen Mota" da "Jawabin Aure" da "Gulma Wuya". Duk abin da kwafi ya ci daga cikin biyun nan, ya ci daga jikin waƙar ne.

Bauchi maƙwabciyar Jos ce, kuma waƙoƙin nan ba baƙi ba ne a kasuwanninta da tashoshin motarta. Amma ta wace hanya suke isa ga mai sauraro? Daga faifai ko rediyo aka juye su a kaset, daga kaset zuwa wani kaset, daga nan zuwa faifan CD, yau kuma masu tura waƙoƙi suna zuba su a wayar hannu. Illolin wannan doguwar hanya ga manazarci uku ne.

Na farko, kowane juyi na kaset yana ƙara hayaniya, yana kuma dusar da siraran sautuka. Wannan kan sa bambancin k da ƙ, ko b da ɓ, ya yi wuyar ji, alhali shi ne ya raba kafa da ƙafa, ya raba bari da ɓari. Ɗalibi sai ya cike giɓin da zato, zaton kuma ya shiga kundin digiri a matsayin baƙin makaɗi.

Na biyu, rakodar da ta fi ƙa'ida gudu tana ɗaga murya, tana gaggauta kiɗa. Wanda ya yi hukunci kan rauji ko saurin zubin ɗiya daga irin wannan kwafi, rakoda ya nazarta.

Na uku, wanda ya fi muni, makaɗin baka ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Yakan ƙara ɗa, ya rage wani, gwargwadon wuri da lokaci. Tsarin da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993) ya nemi a san salsalar waƙa da shekararta. Kwafin da ba shi da suna ko kwanan wata ya toshe wannan ƙofa tun kafin a fara.

4.0 Abin da Ya Kamata

Ba a rasa abin koyi a fagen Hausa ba. Faya-fayan kiɗan Hausa da David Ames ya naɗa a shekarun 1960, waɗanda suka fito a jerin UNESCO, sun zo da bayanin kayan kiɗa da muhallinsu. Haka kuma a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kiɗan Mamman Sani na Nijar a faifai. Sai dai bugun da zai biya buƙatar masanin harshe dole ya haɗa abubuwa huɗu: kwafi mafi kusa da asali, tarihin naɗinsa, rubutaccen matani mai nuna karin sauti da tsawon wasali, da izinin magada. Wuraren da ya dace a fara nema su ne rumbunan gidajen rediyon Bauchi da Jos da Kaduna, da gidajen dattawan da suka adana faya-fayan garmaho.

5.0 Kammalawa

Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima, masu iya tantance wace rerawa ce ta riga wata kuma suna ƙarewa. Sassan nazarin harsunan Nijeriya sun daɗe da sanin cewa ba a buga rubutacciyar waƙar ajami sai an gwada kwafe-kwafenta. Lokaci ya yi da za a ba waƙar baka wannan haƙƙi, tun kafin a wayi gari abin da ya rage na Ɗanmaraya shi ne kwafin kwafi.