Jinjina ga masu riƙe hannun ɗaliban bakin iyaka

Yaron da ya tashi a Illo ko Lolo ko Tsamiya, inda Bagudo ta haɗa kafaɗa da Jamhuriyar Benin, samun gurbi a jami'a ba shi ne babbar wahalarsa ba. Wahalar tana zango na biyu, lokacin da kuɗin shinkafar da uba ya sayar suka ƙare. Rufe iyaka a Agustan 2019 ya karya cinikin gidaje da yawa, cire tallafin mai a 2023 kuma ya ninka kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato.

Shi ya sa asusun lamunin karatu na NELFUND, da aka buɗe a Mayun 2024, ya cancanci yabo. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa a fara biya. Kuɗin ba sa kai ƙarshen wata, gaskiya, amma suna hana yaro tattara kayansa.

Na fi jinjina wa waɗanda ba a ambata: ma'aikacin ofishin ɗalibai da ke zama bayan tashi yana gyara sunan da ya saɓa tsakanin NIN da JAMB, da yayyen ƙungiyoyin ɗaliban gari da ke cike wa ƙanne fom a wayarsu, su ba baƙo katifa da kwanon garin kwaki har ya samu ɗaki.