Jinjina ga Masu Kula da Hanyar Keke a Burgundi

A 1997 hukumar lardin Saône-et-Loire, a yankin Burgundi na Faransa, ta waiwayi wani tsohon layin dogo da jirgi ya daina bi tsakanin Givry da Cluny. Ta shimfiɗa masa kwalta, ta ce mota da babur ba su da rabo a nan, sai keke da mai tafiya a ƙasa.

Dabarar ta yi kyau ƙwarai. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsini, don haka injiniyoyin da suka daɗe da rasuwa sun riga sun daidaita hanyar. Yau tsoho mai ciwon gwiwa da jikarsa suna taka feda a jere tsakanin gonakin inabi da makiyayar fararen shanu, babu odar mota a bayansu.

Amma kwalta ba ta kula da kanta. Jinjinata ga ma'aikatan da ba a san sunansu ba, masu yanke reshen da iska ta karya, masu cike tsagar da saiwa ta yi, masu share ganyen kaka kafin ya zama santsi. Aikin da sai an bar shi ake lura da shi.

Kudu da Cluny, inda aka tsawaita ta daga baya, hanyar tana ratsa ramin Bois Clair mai tsawon kilomita 1.6 a ƙarƙashin tudu. Da hunturu rufe shi ake yi, saboda jemagu na dogon barci a ciki. Mai keke sai ya zagaya ta saman tudun, yana haki.