Shin Kakanninmu Sun Ci Tuwo A Kwanon Azurfa?

Akwai wata magana da ta fara zaunawa a bakin dillalan kayan da, har wasu malaman makaranta suna maimaita ta ga ɗalibai, wai manyan gidajen Anka da Gummi da Bukkuyum a kwanonin azurfa suke cin abinci tun zamanin da. Ni dai ban gamsu da ita ba.

Da farko, azurfa baƙuwa ce a ƙasar nan. Maƙeran fari suna samun ta ne ta hanyar narka kuɗi, musamman liyari, wato dalar Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780, wadda nauyinta bai wuce giram 28 ba. Daga baya suka koma kan sule da fataka na azurfa da Turawa suka buga daga 1913 zuwa 1920. To, liyari nawa za a narka kafin a sami kwano guda? Shi ya sa gwanintar maƙerin fari ta tafi ga ƙananan abubuwa, irin su munduwa da zobe da 'yan kunne da adon takobi. A nan ake ganin hannun gwani, a yadda ya ja waya siririya ya murɗa ta, ya liƙa ba tare da an ga wurin haɗi ba.

Sannan ga shari'a. Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an hana sha a ƙoƙon zinariya da azurfa, an kuma halatta azurfa a zobe da takobi da adon Alƙur'ani. Da wuya basarake ya ajiye wa malamin fada kwanon da littafinsa ya hana.

Galibin butoci da farantai masu ƙyalli da ake nunawa, a juya gindinsu a duba. Idan an ga haruffan EPNS, shafe ne kawai aka yi wa wani ƙarfe ta hanyar lantarki, dabarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840. Azurfar Ingila ta ainihi hatimin zaki take ɗauke da shi. Saura kuwa tsarabar alhazai ce. Ba na raina su, amma ba aikin Zamfarawa ba ne.

Darajar gida a wurin cin abinci a akushi take. Masassaƙi ya fafe shi daga ice guda, ya ƙona shi da ƙarfe mai zafi har ya yi baƙi, man shanu da hannun mata suka ƙarasa masa sheƙi a tsawon shekaru. Girman akushin da ya fito zaure, da kyan faifan da aka rufe shi da shi, su ke gaya wa baƙo matsayin mai gida da kuma matsayinsa shi kansa. A ɗakin mata kuwa jere ne ma'auni: ƙorai, sai tasoshin tagulla irin na Bidda, daga baya langa da samira suka ture su.

Abin da ke damuna shi ne, muna goge farantin shafe muna sa shi a kabad, akushin kaka kuwa an bar wa kaji suna shan ruwa, munduwarta ta azurfa kuma an kai kasuwa an sayar bisa awo, an narke.