Layin da ake katsewa: mai shiri da bakin mai saurare a Adar

Duk wanda ya saba kama gidajen rediyon da ake ji a birnin Tawa da ƙauyukan arewacin Adar bayan sallar isha'i ya san yadda abin yake faruwa. Mai gabatarwa ya buɗe layi, ya karanta lambar waya sau biyu, sai gaisuwa ta yi ta kwarara daga Bilbis da Fakuwa, daga Kalfu da Barmu da Tamaske, ana miƙa ta ga ƴan ci-rani da ke Abijan ko Legas. Can sai wani dattijo ya shigo, ya yi sallama, ya ce: «Malam, a gahwarce ni, amma zancen da ka yi ba haka na ba.» Kafin ya kai ga dalilinsa sai a ji ɗif. Mai gabatarwa ya yi gyaran murya, ya ce rezo ne ya ɗauke, Allah ya sa baba ya sake samun layi, sannan ya saki kiɗa. Wani lokaci rezon ne da gaske, domin babu wanda bai san halinsa ba a cikin kwarurrukan Adar da bayan duwatsunta. Amma sau da yawa yatsa ne, kuma masu saurare sun daɗe da lura cewa rezo ba ya ɗaukewa a tsakiyar yabo.

Tambayar da wannan yatsa ke tayarwa ta fi ƙarfin rediyo. Ta shafi duk wanda ya ƙirƙiri wani abu ya ajiye shi gaban jama'a, sannan ya gayyace su su tofa albarkacin bakinsu: shin yana da ikon share abin da suka ce idan bai yi masa daɗi ba?

Masu shirya shirye-shirye suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Sukan ce shirin nasu ne, su suka yi wahalar haɗa shi, kuma su za a kira gobe idan magana ta ɓaci. Mai kira yana iya ɓoye sunansa, ya kashe wayarsa, ya kwanta. Mai gabatarwa kuwa kowa ya san muryarsa, an san gidan ubansa. Hukuma ma ba ta bambance bakin mai shiri da bakin baƙonsa. A watan Afrilu na 2008, lokacin tawayen MNJ, hukumar sadarwa ta ƙasa, wato CSC, ta rufe gidan rediyon Sahara FM na Agadas bayan ya watsa shaidar mutanen da suka ce jami'an tsaro sun ci zarafinsu. Wasu ne suka yi magana, gidan ne aka rufe. Duk wani ma'aikacin rediyo a Nijar ya fahimci darasin, ko da darasin bai yi adalci ba.

Akwai kuma abin da ya fi tsoron hukuma nauyi. Arewacin Adar iyaka ce tsakanin gona da makiyaya. Dokar ranar 26 ga Mayu 1961 ta shata layin da bai kamata noma ya tsallake ba zuwa arewa, amma yawan jama'a da fari sun tura gonaki sun wuce shi tun da daɗewa. Kowace kaka, kafin ranar da hukuma ta tsayar domin sakin gonaki, garken da ke gangarowa daga Azawak da geron da ba a gama kwashewa ba suna kallon juna. A watan Nuwamba na 2016, a Bangi ta wajen Madawa, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum aƙalla 18. A irin wannan lokaci, mutum guda da ya samu layi ya ambaci sunan wata ruga ko wata ƙabila, ya ce su ne, ya isa ya tayar da gari. Magana zarar bunu ce. Ba sai an je Ruwanda ta 1994 ba, inda gidan rediyon RTLM ya zama makamin kisa da gangan. Misalin Kenya ya fi kusa. Bayan zaɓen Disamba 2007 rikici ya halaka mutum sama da 1,000, kuma an zargi shirye-shiryen kiran waya na gidajen rediyon harsunan gida da rura wutar. Joshua arap Sang, mai gabatarwa a Kass FM, ya gurfana gaban kotun manyan laifuka ta duniya, ko da yake an dakatar da shari'ar a 2016 ba tare da an same shi da laifi ba. Saboda haka mai shirin da ya ji an fara ƙazafi, ko ashar, ko kiran a ɗauki makami, ya bar layin a buɗe da sunan ƴancin faɗar albarkacin baki, ba mai adalci ba ne, malalaci ne. A nan yatsa wajibi ne.

Sai dai kuma dattijon nan bai zagi kowa ba. Gyara ya zo yi. Kuma idan aka saurari shirye-shiryen al'adu da na tarihi na tsawon lokaci, za a tarar cewa gyara ce ta fi shan yatsa, ba ashar ba. Ashar takan ba mai gabatarwa damar yin wa'azi, ya fito da mutunci. Gyara kuwa tana rage masa tsawo a gaban jama'a. To, a nan ne hujjar «shirin nawa ne» ta gaza, domin abin da ake magana a kai ba nasa ba ne.

Tarihin Adar misali ne da ya isa. Ƙasar ba ta da labari guda. Akwai labarin gidan sarauta, wanda ya faro daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, da ya ci Adar wajen ƙarshen ƙarni na 17, zuriyarsa kuma ta riƙe sarautar da ta zauna daga baya a Illela. Akwai labarin Azna masu ƙasa, waɗanda suka riga shi, har da waɗanda ake kira Aznan ramu saboda an ce kakanninsu a kogunan duwatsu suke zaune. Akwai labarin ƙarni na 19, lokacin da arewacin ƙasar ya koma ƙarƙashin Iwillimmeden Kel Dinnik, kudu kuma Kel Geres suka yi ƙarfi, kuma yadda jikan mai karɓar haraji ke ba da shi dabam yake da yadda jikan mai biya ke ba da shi. Littattafai biyu da suka zama ginshiƙan nazarin wannan ƙasa, na Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa da na Nicole Echard a kan tarihin manoman Hausawan Adar, duka sun fito a 1975, kuma ba su sami ƙarfinsu ba sai don masu su sun zauna sun saurari bakuna masu saɓa wa juna, suka auna wannan da wancan. Da a ce sun tsaya ga bakin farko da ya karɓe su, suka sallami na biyu, da abin da aka gada kirari ne, ba tarihi ba. Mai shirin da ya karanta shafi uku da rana, ya zo da dare ya faɗi wanda ya kafa wani gari, sannan ya katse jikan mutanen garin, ya hana masu saurare abin da ya fi shirin nasa daraja. Bahaushe ya ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai ma wata sharewa ta ruwan sanyi da ba ta bukatar yatsa. Mai kira ya yi magana da Adaranci tsantsa, ya ce «shina» da «ɗiya» da «hwarko», sai mai gabatarwa ya maimaita masa zancen da Hausar littafi, wai yana fassara shi, alhali yawancin masu saurare da harshen mai kiran suka tashi. A cikin maimaitawar nan ne kaifin magana ke zubewa: ƙorafi ya koma roƙo, tuhuma ta koma shawara.

Abin mamaki shi ne Nijar ta daɗe da sanin wannan matsala, kuma malaman makaranta ne suka fara cin karo da ita. A 1962, shekara huɗu bayan buɗe gidan rediyon ƙasa, aka kafa ƙungiyar Rediyo-kulob ta Nijar. Tsarinta mai sauƙi ne: a ba wani mai jagoranci a ƙauye, galibi malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ko malamin gona, akwatin rediyo da na'urar ɗaukar magana. Ya tara mutane, a saurari shiri tare, a yi muhawara, ya ɗauki muryoyin manoma da makiyaya da mata a kan batun da aka tsayar, ya aika faifan Yamai. A can a saurara, a yanke, a haɗa, a watsa. Wato almakashi yana cikin aikin tun daga tushe, kuma ba wanda zai ce an watsa duk abin da talaka ya faɗa, balle a zamanin jam'iyya ɗaya. Ba za a wanke wannan tsari tas ba: hannun da ke yankewa yana birni, kusa da masu mulki, batutuwan kuma daga sama suke saukowa. Amma yana da wani abu guda da shirin kai-tsaye na yau ya rasa. An yi maganar a gaban shaidu. Mutanen da suka zauna a dandali sun ji abin da wane ya faɗa daga farko har ƙarshe, kuma ranar da aka watsa shirin suna zaune a wuri guda, suna iya gane abin da aka cire. Mushe kuma yana nan cikinsu, gobe da shi za a yi sallar asuba, shi za a tambaya ina sauran maganar. Yankewa tana da mai ita, kuma tana da ranar hisabi.

Da aka buɗe fagen rediyo bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, gidan rediyo mai zaman kansa na farko ya soma aiki a Yamai a 1994, na karkara na farko kuma a Bankilare a 1999, sannan salula ta zo ta sa makirfo a aljihun kowa. An sami ƴanci mai yawa, kuma babu mai hankalin da zai so a koma baya. Amma dandalin ya watse. Mai kira yana shi kaɗai a zaurensa, babu wanda ya san ƙarshen jimlarsa sai shi, kuma kalmar «rezo» ta ba mai yankewa mafakar da almakashin Yamai bai taɓa samu ba.

Filin kokowa ya fi rediyo gaskiya a wannan fanni. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maradi ya lashe, kuma tun daga lokacin fili yana da masu tanka masa. Ƴan kallo na ihu idan alƙali ya yi son kai. Ƴan cali-cali na shiga tsakanin karawa su kwaikwayi faɗuwar gwani, su kwaikwayi tafiyar manya, kowa na dariya, har wanda ake kwaikwayo. Ba wai babu doka ba ce: wanda ya yi jifa ko ya faɗa fili, jami'an tsaro za su fitar da shi. Amma a gaban dubban idanu ake fitar da shi, kowa ya ga laifinsa, kowa kuma yana iya cewa an zalunce shi idan an zalunce shi. Ba a taɓa jin an janye mutum ta ƙofar baya sannan mai shela ya ce ai shi ya tafi da kansa ba.

Abin da ya kamata a soka ke nan: ba yankewar kanta ba, ƙaryar da ake rufe ta da ita. Mai shirin da ya ce «na katse wannan kira domin an ambaci sunan mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa» ya yi hukunci a fili, ya kuma ba masu saurare damar su hukunta hukuncin nasa. Wanda ya ɗora wa rezo ya yi abu biyu marasa kyau a lokaci guda: ya toshe bakin mutum, ya kuma nuna wa jama'a shirin da babu mai musu a cikinsa, alhali akwai. Yabon da ya rage a layin ya zama jabu, har da na waɗanda suka yi shi da zuciya ɗaya. Dokar ƴan jarida ta ranar 4 ga Yuni 2010 ta tanadi haƙƙin mayar da martani ga wanda aka taɓa sunansa, amma ba ta san da dattijon da ba a taɓa sunansa ba, tarihin garinsu kawai aka karkata. Wannan giɓi ba doka ce za ta cike shi ba, ladabin sana'a ne, kuma kayan aikinsa ba su da tsada: a faɗi sharuɗɗan kira a farkon shiri, a faɗi dalili duk lokacin da aka katse, a ajiye littafi kusa da makirfo a rubuta lambar wanda ya zo da gyara, a neme shi bayan shiri, a buɗe shirin mako mai zuwa da abin da ya ce. Manyan gidaje a Amurka suna jinkirta murya da ƴan daƙiƙoƙi domin su tare ashar kafin ta fita. Gidan da ke fama da kuɗin lantarki ba zai sayi wannan na'ura ba, amma littafi da biro ba su gagare shi ba. Ƙungiyoyin al'adu da ke shirya muhawara a gidan matasa na Albarka Cibau, da malaman da ke amsa tambayoyin yara a aji, su ma suna riƙe da irin wannan yatsa, ko da yake nasu sunansa «lokaci ya ƙure».

Shi kuwa dattijon, kuɗin da ya sa a waya sun tafi, kuma da wuya ya sake kira. Washegari da hantsi zai zauna a ƙofar gida ko a rumfar mai shayi, ya ba da labarin kafuwar garin kamar yadda ya ji shi daga kakansa, ya haɗa da labarin yaron rediyo da ya gudu daga magana. Waɗanda suka ji za su kai shi kasuwar Tawa ranar Lahadi, wani ya ɗauke shi a waya ya tura wa ƴan uwa a Abijan. A duk waɗannan wurare mai shirin ba ya nan, kuma babu wanda zai buɗe masa layi.