Tayoyi 68, Ababen Hawa 20

A wata tasha akwai ababen hawa 20, wasu adaidaita sahu, wasu ƙananan motoci. An ƙirga tayoyin da ke ƙasa, an sami 68. Nawa ne kowanne? Irin wannan tambaya takan sa ɗalibi gumi a jarrabawar WAEC, amma zauna kusa da wanda ya gwanance ka sha kallo.

Ba ya gaggawar ɗaukar biro. Yakan karanta a tsanake har ya gano abin da aka ɓoye, sai ya raɗa masa suna: adaidaita x, mota y. A ganina nan gwanintar take, wajen mai da zance lissafi. Maganar farko ba wuya, x + y = 20. Ta biyun ce mai burge ni, domin tambayar ba ta ce adaidaita taya uku gare ta ba. Shi ya ɗauko wannan daga abin da yake gani kullum a titi, ya rubuta 3x + 4y = 68.

Me ya sa sai layi biyu? Don na farko shi kaɗai bai yanke hukunci ba: 19 da 1 sun ba da 20, haka ma 10 da 10. Dole na biyu ya zo da sabon labari. In maimaici ne kawai, ba a tsinana komai ba.

Sai ya ninka layin farko sau uku, 3x + 3y = 60, ya ɗebe shi daga na biyu. Nan take x ta ɓace, y = 8. Dubi ma'anarsa: da duka masu taya uku ne, da tayoyi 60 za a samu, saboda haka kowace taya cikin rarar takwas ɗin ta mota guda ce. Motoci 8, adaidaita 12.

Dabarar tsohuwa ce. Masanan ƙasar Sin sun yi ta da ƴan tsinkayen ƙirga kusan shekara 2,000 da suka wuce, tun kafin a laƙaba mata sunan Gauss, Bajamushe. Kalmar aljabara kuwa, wato sunan irin wannan lissafi, daga littafin Al-Khwarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820.

Gwani ba ya ajiye biro sai ya koma tashar ya ƙirga: 36 da 32, 68 daidai. Da ya ga mota bakwai da rabi, ya san tun wajen karatu aka yi tuntuɓe, sai ya sake karanta tambayar.